Ci Gaba, Hannatu

Ranar Asabar ce. Ƙarfe biyar da rabi Baba ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinmu sau uku, kamar kullum. Ladanin unguwa ya riga ya yi kira, ana ta ƙarar butoci a tsakar gida. Muka fito falo muka durƙusa a kan tabarma, ni da Mama da ƙanwata Hannatu. Shekarata goma sha uku, ita shida. A ranar aka kashe Baba, kafin azahar, kuma har yau fushi nake yi da shi.

Sunansa Ishaya, tela ne, mutumin ƙasar Zazzau. Ya zauna a Fatakwal tun kafin yaƙin basasa, ya gudu Arewa da aka fara, ya komo da mu bayan an gama. Lokacin man fetur ya buɗe gari, kowane akawu yana son kwat. Mu Kirista ne. Amma masu gidajen haya a unguwar Diobu da sun ji Hausa a bakinmu sai su ce babu ɗaki. Hausawan unguwar Mile 3 ne suka karɓe mu, a gidan wani Alhaji Sule mai albasa. Ɗaki goma sha biyu ne a gidan, mu kaɗai ne ba ma salla. Baba ne ke yi musu ɗinkin salla, suna ce masa Malam Ishaya.

Baba mutum ne mai doka, tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa kuma shi ne bulalarsa. Ba a ƙarya. Ba a rantsuwa. Ba a Turancin buroka a cikin gida. Ba a addu'a da Turanci, domin Allah ba Bature ba ne, in ji shi. A makaranta kowace safiya muna yin Addu'ar Ubangiji da Turanci a kan layi, na iya ta kamar sunana. Ran da na kuskura na ce "God" a gaban tuwo, sai da bayan hannuna ya kwana uku yana zafi. Ya ce sunan Allah ubansa ya kira ran da aka yi masa baftisma, shi kuma ba zai haifi 'ya'yan da za su ji kunyar sunan ba. Akwai kuma babbar doka: in an fara addu'a ba a yanke ta, ko da miya na ƙonewa.

A makon ne Hannatu ta fara jan addu'ar safe ita kaɗai. Ranar ta yi ta ba tuntuɓe. Baba ya shafa kanta. Muka sha koko da ƙosai.

Ƙarfe bakwai ya buɗe shago a ƙofar gida. Keken ɗinki ya fara ƙara. Mama ta jiƙa wanki. Na je famfo sau huɗu.

Ƙarfe goma da kwata muka ji burki daga wajen tasha, dogon burki, sai shiru, sai ihun mata. Daga baya muka ji abin da ya faru. Tankar mai ce ta taka wata mai tallan lemo da goyonta. Direban ya dira ya gudu. Wani ya ce Bahaushe ne. Har yau ban ga wanda ya ga fuskarsa ba.

Goma da rabi 'yan kasuwa suka fara shigowa unguwa da gudu, wasu ba takalmi, wani jini a ka. Alhaji Sule ya ce a rufe ƙofar gida, mata da yara su bi ta baya. Mama ta ɗaura Hannatu a baya duk girmanta, ta kira Baba. Ya ce yana zuwa. Kun san abin da yake yi? Yadin mutane yake ninkewa yana sawa a akwati, ɗaya bayan ɗaya, wai amana ce. Mama ta ƙi tafiya ba shi. Minti ashirin muka tsaya a tsakar gida muna jiran ya gama ninke yadin wasu.

Sha ɗaya saura kaɗan duwatsu suka fara sauka a kan kwanon rufi. Sai warin fetur. Sai gatari a jikin ƙofa. Agogon bangon shago ya buga sha ɗaya, na ji shi sarai. Jim kaɗan ƙofa ta faɗi.

Ban ƙirga su ba. Samarin tasha ne, na san wasu. Ɗaya wandon da ke jikinsa Baba ne ya ɗinka.

"Kamot! Kamot!"

Suka fito da kowa daga ɗaki suka tara mu a gindin famfo. Masu ƙarfi sun riga sun haura katanga. Alhaji Sule yana kwance a bakin zaure, ba ya motsi. Matarsa, Hajiya Indo, ta toshe bakinta da mayafi.

Babbansu dogo ne, da jar singileti, adda a hannu, gicciye a wuya. Ya yi ihu da buroka cewa duk Kirista ya ware gefe. Mama ta sauke Hannatu ta ja mu gefe. Baba ya ɗaga Littafi Mai Tsarki sama. Dogon ya fizge, ya buɗe, ya juya shafi biyu. Na Hausa ne, ko kalma ɗaya bai gane ba. Ya wurga shi cikin ruwan wankin Mama.

"Oya, pray!"

Tana bakina. Addu'ar Turancin nan tana kan harshena, kalma biyu na farko kawai sun isa. Na buɗe baki. Na dubi Baba. Tef ɗin yana wuyansa. An hana ni rantsuwa, don haka ba zan rantse muku ba, amma ku yarda da ni: adda tana gabana, ni kuwa tef nake tsoro.

Hannatu ta ga ba wanda ya fara, kuma makonta ne. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti. Ta haɗa hannu. Ta rufe ido. Ta ɗaga murya yadda aka koya mata, don na baya ma ya ji.

"Ya Allah Ubanmu, mun gode maka..."

"Allah!" in ji dogon. "Una hear am? Allah!"

Suka fashe da dariya. Hannatu ta tsaya, ta buɗe ido ɗaya.

To, a nan ne fushina yake. Baba ya iya Turanci. Ya yi makarantar mishan, yana karanta jarida, da Turanci yake magana da akawunan da yake yi wa kwat. Da ya buɗe baki ya ce musu yarinya ce, da Hausa take yi, ga ta da Turanci, da yanzu wani labarin nake ba ku. Bai yi ba. Ya tako ya ɗora hannu a kanta.

"Ci gaba, Hannatu."

Ya durƙusa kusa da ita ya rufe ido. Ita ma ta mayar da idonta ta rufe, ta ci gaba. Ta roƙa wa Mama. Ta roƙa mini. Ta roƙa wa maƙwabta. Tana kan marasa lafiya sara na farko ya sauka, ƙararsa kamar an sari kabewa. Baba bai yi ihu ba. Ya kife a hankali, hannunsa ya zame daga kanta. Ba ta buɗe ido ba, ba ta yanke ba. Ta kai ƙarshe ta ce amin ita kaɗai.

Kafin ta buɗe ido Mama ta rufa mata zani a fuska ta sure ta. A daidai lokacin wuta ta kama shago, man keken ɗinki da yadi suka tashi gaba ɗaya, hayaƙi ya cika tsakar gida. Hajiya Indo ta damƙi hannuna. Bayan banɗaki akwai kwanon da ya ɓalle. Muka kutsa ta nan muka faɗa kwata. Ruwan ya kai mini gwiwa. Muka bi ta a sunkuye. A samanmu ƙafafu na gudu, kwalabe na fashewa. Wani yana kiran sunan ɗansa, yana ta kira.

Ƙararrawar majami'a ta ƙarfe sha biyu ce ta nuna mana hanya. Muka fito daga kwata a bayan wata majami'a mai katanga. Mama ta buga ƙofar ƙarfe da tafin hannu, tana roƙo da Hausa. Mai gadi ya leƙo ta ƙaramar taga. Ya ga mayafin Hajiya, ya ji Hausa, ya mayar da tagar ya rufe.

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na kama ƙarfen ƙofar na ƙwala Addu'ar Ubangiji da Turanci, tun daga farko har ƙarshe, ina ihu kamar mai zagi. Ban kai amin ba na ji sakata.

Ya buɗe. Kun ji ko? Buɗewa ya yi. Abin da na riƙe a bakina a gindin famfo ke nan, kuma yana aiki.

Ya sa sanda ya tare Hajiya Indo. Mama ta nuna ta, ta nuna ƙirjinta, ta ce da guntun Turancinta yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙaryar farko ke nan da na taɓa ji a bakin Mama. Ya janye sandan. Muka zauna a ƙarƙashin benci har ƙarfe uku, muna wari. Hannatu ta tambayi ina Baba. Mama ta ce yana zuwa. Ta biyu ke nan.

Ƙarfe uku da rabi motocin soja suka shigo unguwa, bayan an gama komai. Ƙarfe biyar aka loda mu a babbar motar albasa da za ta koma ba kaya, mata da yara zalla, a kan tsofaffin buhuna. Mama ta roƙa a bar ta ta je ta ga gida. Sojan ya ɗaga gindin bindiga.

"Move!"

Washegari da hantsi muka sauka a Anaca, kusa da kasuwar Ochanja. Fataken Hausawa suka kawo shayi da burodi da tsofaffin zannuwa. Kowa yana tambayar nasa. Hajiya Indo ta sami 'yan'uwan mijinta a can, ta tsaya. Da za mu rabu ta cire silifas ɗinta ta sa mini, ta koma ba takalmi.

Ranar Litinin muka isa Inugu. Wani malami a unguwar Ogui ya ba mu ɗakin matarsa. Ya ji sunayenmu, ya san ko mu su waye, bai ce komai ba sai sannu.

Ranar Laraba bayan la'asar ƙanen Alhaji Sule ya iso daga Fatakwal. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe da Mama gaisuwa mai tsawo, sannan ya faɗa. Sun tattara gawa ranar Lahadi. Sun aika majami'ar da muke zuwa, ba wanda ya zo, ana tsoron shiga unguwar Hausawa. Su kuma sun san Malam Ishaya ba Musulmi ba ne, ba za su yi masa salla ba tare da yardarsa ba. Suka naɗe shi a farin yadi suka haƙa masa a gefen maƙabarta. Ba wanda ya yi masa addu'a da kowane harshe. Mutumin ya ce a yafe musu, iyakar abin da suka sani ke nan.

Daga baya a Arewa fastoci suka riƙa ce masa shahidi. Suna tsayar da ni gaban jama'a wai in yi alfahari. Tir! Shahidi bai kai ni aji na gaba ba. Shahidi bai hana Mama yin wankau har hannunta ya tsattsage ba. Ya koya mana tsoron Allah, na yarda, har yau ina zuwa sujada, da Hausa kuma nake addu'a. Amma ya koya mini tsoronsa fiye da tsoron adda, ran da na buƙaci bakina kuma sai na tarar ya riga ya ɗinke shi. Ina fushi da dogon nan mai gicciye a wuya. Ina fushi da mai gadi. Amma su ba su haife ni ba.

Ranar Alhamis da safe ina yi wa Hannatu wanka a bayan ɗakin matar malam. Mama ta riga ta gaya mata Baba ya tafi wurin Ubangiji. Ba ta yi kuka ba. Ina cuɗa mata baya sai ta ce, ba ta juyo ba:

"Yaya Rifkatu, kuskure na yi a addu'ar?"

Na tsaya da soso a hannu.

"Me kika gani?"

"Sun yi dariya."

Na ce mata a'a. Na ce ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba, yadda Baba ya koya mata haka ta yi. Gaskiya na gaya mata. Ta gyaɗa kai, ta ɗaga hannu in cuɗa mata hammata.

Mu huɗu muka sauka a tashar jirgin Fatakwal bayan yaƙi, da keken ɗinki da akwati biyu. A ranar Alhamis ɗin nan da yamma mu uku muka hau jirgin Arewa a Inugu, da ƙunshin zani ɗaya. Mama ta yi shekara goma sha ɗaya a duniya bayan haka. Hannatu ta rasu bara, ta bar jikoki biyar. Ba ta sake tambayata ba, ni kuma ban taɓa gaya mata wace kalma ce suka yi wa dariya ba.