Gidan Tsuyako na Ƙarshen Layi

Sunanta Kuramochi Tsuyako, amma mu da muka zauna a gidanta Inna muke ce mata. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tana tafiya tana ɗan karkata hagu saboda ciwon gwiwa. Gidan nata shi ne na ƙarshen layi a unguwar tudu, inda in ka leƙa ta tagar bene za ka hango jiragen kamun kifi a bakin teku. A ciki aka haife ta. Mahaifinta masaƙin komar kamun kifi ne, ya gina ɗakuna da yawa saboda 'ya'ya da masu koyon sana'a. Kowa ya kama gabansa, ita ta rage. Mijinta makanikin injin jirgi ne, mutum mai sanyin hali, ya rasu tun tana da sauran ƙarfi. Ɗansu ɗaya yana can birnin Nagoya, sai sabuwar shekara yake bugo waya.

A ɗakin girkin asibitin gari ta yi aiki har ta yi ritaya. Dab da barinta aiki, wata rana ta tashi da yamma ta ga wata mata zaune a bencin ƙofar asibiti, hannu a naɗe da bandeji, da jakar leda a cinya. Da safe ma a nan ta gan ta. Ta tambaye ta ko mota take jira, matar ta ce an sallame ta ne, amma in ta koma gida wanda ya karya hannun yana can. Inna ba ta ƙara tambaya ba. Ta karɓi ledar ta ce, "Taso mu je, ina da miya a gida."

Ta dalilin matar nan ta san Okonogi-san, shugabar wata ƙaramar ƙungiya da ke neman wa matan da suka gudo daga duka wurin fakewa. Okonogi-san ta zo ta zaga gidan, sannan ta zauna ta faɗa mata gaskiya. Ta ce ba ciyarwa ce wahalar ba, shirun ne. Kada kowa ya sani, ko maƙwabci, ko dangi, ko ɗan cikinta. In bakin mutum ɗaya ya suɓuce, wani miji zai tsaya a ƙofar nan.

Inna ta ce, "Da ma da wa nake magana? Ni dai shinkafar mutum ɗaya ta ishe ni, ba ta da daɗi a tukunya."

Ba gaskiya ta faɗa ba, domin tana da wadda take magana da ita. Nagumo Hatsue, da ke gidan da ke kallon nata, ƙawarta ce tun suna 'yan makaranta. Akwai allon sanarwar unguwa da ake miƙawa gida-gida, kuma daga hannun Hatsue yake zuwa wa Inna. Duk ranar da ta kawo shi sai ta tuɓe takalma ta shige, su sha shayi, su ci naman duk mutanen layin har rana ta karkata. Daga lokacin da mata suka fara zama, Inna ta koma karɓar allon a bakin ƙofar shinge.

"Tsuya-chan, saurayi kika ɓoye ne a ciki?" in ji Hatsue. "In tsoho ne ki ba ni aro, rufin ɗakina yana yoyo."

"Gidan ne kaca-kaca. Sai na gyara."

"Yaushe kika fara jin kunyata? Ni da na san kalar duk tsummokaranki?"

Inna ta yi dariya ta rufe ƙofa. An yi haka sau da yawa, har Hatsue ta daina tsokanar. Daga baya sai ta riƙa rataye allon a jikin shinge ta juya.

Ni da sanyi na zo, da 'yata goye, ba ni da ko safa. Abin da na fara lura da shi shi ne babu takalmi a bakin shiga sai na Inna kaɗai. Namu a cikin kwali suke, ƙarƙashin matakala. Kayan yara ba a shanya su a waje, sai a bene, tagogi a rufe. Cefane kuwa kashi-kashi take yi, yau wannan kanti, gobe ta hau bas zuwa wancan, don kada mai kanti ya ce tsohuwa ɗaya me take yi da kifi haka. Ba ta taɓa tambayar kowa me ya faru da ita ba. In ta ga mace ta zauna tana kallon bango, sai ta ajiye mata kwano da wake ta ce ta ɓare. Ta hana mu gode mata. Duk wadda ta tashi tafiya kuma, ƙa'idar ƙungiya ce ba waya, ba ziyara. Inna takan raka ta iyakar bakin shiga, ta ciro mata takalmanta daga kwali, shi ke nan. Mata da yawa sun ratsa gidan a shekarun nan, kuma ba ta san ƙarshen labarin ko ɗaya ba, sai ni, da na sami aiki a garin na dawo ina taya ƙungiyar.

A unguwa kuwa an gama yanke mata hukunci. Wasu suka ce girman kai ne ya same ta da tsufa, wasu suka ce wani sabon addini ta shiga. Aka daina kiranta shirin bikin bazara, ita da a da take dafa wa masu ɗaukar kayan bikin abinci. Ranar bikin tana jin ganguna suna wucewa ta bakin layi, tana zaune tana yanka kabeji.

Ana nan sai wani mutum ya shigo unguwar da rana tsaka, cikin kwat mai kyau, yana bi gida-gida da hoton wata mata. Ya ce ƙanwarsa ce mai taɓin hankali ta ɓata. Matar tana benenmu a lokacin. Bai kai ga ƙofarmu ba, domin Hatsue ta tare shi tana shara, ta dubi hoton ta ce ta ga mai kama da ita tana hawa jirgin ƙasa mai zuwa kudu. Da ya tafi, ta tsallako wurin Inna da tsintsiyarta a hannu.

"Na kore shi," ta ce. "Ba makauniya ba ce ni, Tsuya. Ina jin kukan jariri tun bara waccan."

"Kyanwa ce."

"Kyanwa." Hatsue ta daɗe tana kallonta. "Tun muna sa ɗan kamfai muke tare, amma kin ɗauka bakina ba shi da marfi. To, ki gai da kyanwar."

Ina tsaye bayan ƙofa ina jin su. Inna ta shigo ta wuce ni, ta buɗe famfo ta yi ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Mutumin bai dawo ba, amma zuwansa ya tayar da hankalin layin. Shugaban unguwa, Shiozawa-san, ya ce akwai yara 'yan makaranta, ba za a zauna baƙin maza suna sintiri ba a san dalili ba. Ya kai maganar gidan Inna ofishin gari. Ba da daɗewa ba wani matashin jami'i mai suna Tabuchi ya zo, ya durƙusa a kan tabarma cikin ladabi, Okonogi-san na gefe. Ya bayyana cewa a tsarin garin, unguwar tudu ta gidajen iyali ce zalla. Gidan da ƙungiya ke saukar da mutanen da ba dangin juna ba, masauki ne a idon doka, kuma sai da izini na musamman. Ana iya samun izinin, in ji shi, ba wuya. Sai dai a kafa allo a ƙofa a rubuta abin da za a yi da gidan, sannan a tara maƙwabta a ji ta bakinsu.

"Allo?" in ji Inna. "To ka ƙara da sunayensu mana, da lokacin da suke fita, ka hutar da mazan."

"Kuramochi-san, na fahimta. Ba ni na rubuta dokar ba. An yi ta ne don kada a wayi gari a ga otal a tsakiyar gidajen mutane."

"Ka ce sai dangi ko? To zan mayar da su 'ya'yana. Ai ana yi, ko babba ana ɗauka a sa a rajistar iyali. Duk wadda ta zo 'yata ce."

Tabuchi ya fara murmushi, sai ya ga ba wasa take ba. Okonogi-san ce ta ce mata a hankali, rajistar iyali takarda ce da miji zai iya bi ya gano inda matarsa take. Inna ta tura wa jami'in farantin lemo ta ce ya ci, ya yi tafiya mai nisa.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ja musu lokaci har ƙungiya ta sami wani wuri a bayan tashar jirgin ƙasa, a saman wani shagon kayan gyaran mota. Can yankin kasuwanci ne, doka ba ta neman allo ko taro. Babu tsakar gida, babu rana a tagogi, jirgi na wucewa kofuna na rawa. Aka kwashe matan ɗaya bayan ɗaya da hantsi, kowacce da jakar cefane kamar mai zuwa kasuwa. Inna ta raka ta ƙarshensu har bakin shinge, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na zaci yanzu za ta tsallaka ta faɗa wa Hatsue komai. Na ce mata ai an gama, ba sauran abin ɓoyewa. Ta ce a'a. In aka tabbatar gidan me ne, za a tambayi ina suka koma, wani kuma zai tuna fuskar wata. Ta dai dafa jan wake mai zaƙi ta kai, Hatsue ta karɓa a ƙofa ta yi godiya irin ta baƙi. Da kaka ta zagayo Hatsue ta sami shanyewar ɓarin jiki, 'yarta ta zo ta tafi da ita wani gari. Inna ta rubuta mata gaisuwar sabuwar shekara sau biyu, 'yar ce ta amsa.

Ta ci gaba da hawa bas zuwa bayan tasha tana yi mana girki, har gwiwar ta ƙi matakalar. Daga nan sai ta zauna a gida. Ta rufe bene, ta dawo da shimfiɗarta kusa da ɗakin girki. In na je nakan same ta da rediyo a kunne, ba don tana saurara ba. Bayan wasu shekaru majalisar garin ta gyara dokar, aka yarda a duba irin wannan izini a asirce, ba allo ba taro. Tabuchi da kansa ya bugo wa Okonogi-san waya yana murna. Da na kai wa Inna labari ta ce madalla, ta tambaye ni ko gidan bayan tasha yana da ɗumi lokacin sanyi. A lokacin ɗanta ya riga ya sa hannu a sayar da gidanta, bayan ta faɗi a banɗaki ta kwana biyu ba wanda ya sani.

Yanzu tana gidan kula da tsofaffi a wajen gari, a ɗaki mai kallon gonakin shinkafa. Ma'aikatan sun san ta a matsayin tsohuwar mai girkin asibiti, mai ɗa ɗaya. Ni suna ɗauka 'yar ƙanwarta ce. Zuwana na ƙarshe na same ta a keken guragu bakin taga, an yi mata aski gajere. Ta riƙo hannuna ta jawo ni kusa.

"Mutum nawa ne yanzu a can?"

Na buɗe baki, sai na tuna ita ba 'yar ƙungiya ba ce kuma, ga ma'aikaciya tana gyara gado a bayanmu. Na ce, "Inna, kin san ba a faɗa."

Ta sake ni, ta gyaɗa kai. "Haka ne. Kin yi daidai."

Aka buga ƙararrawar abincin rana. Ma'aikaciyar ta zo ta juya keken, na bi su a baya har ɗakin cin abinci. Aka ajiye ta a teburin gefe, aka ɗaura mata ƙyalle a wuya. Ta ɗanɗana miyar ta ce gishiri ya yi kaɗan, amma ba da ƙarfi ba, ba kuma wanda ya juyo. Na tsaya har ta cinye, sannan na fita na jira bas.