Taɓarya Biyu a Turmi Ɗaya

In ku biyu ne a turmi, ɗaya ta ajiye taɓarya ta tafi, wadda ta saura da me za ta auna bugunta? Na tambayi kaina har na gaji. Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban yi karatu ba, kuma in na yi kuka sai ta jira.

A Bune na tashi, a hannun Kaka Falmata. Da sanyi, bayan isha'i, takan hura wutar kara mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, “Ku rufe ido. Mai ido buɗe ba ya jin komai.”

Akwai wadda take yawan ba mu. Wai wasu 'yan mata biyu ne ke daka a turmi ɗaya. Ƙaramarsu ƙarfi gare ta, bugunta kaɗai take ji. Kullum taɓarensu sai sun haɗu, gero ya watse, kaji su ƙoshi, gida ya kwana da yunwa. Sai wata tsohuwa ta ɗaure wa ƙaramar ido da kallabi, ta ce kada ta sauke taɓarya sai ta ji ta yayarta ta tashi. Ranar aka ci tuwo.

Daga nan Kaka sai ta kifa ƙwarya, ta dinga buga ta da ludayi biyu, tana jinkirta ɗaya da gangan. “Fanna, sarkin surutu, wanne ya makara?” In na kuskure ta ja mini kunne.

Aure ya kawo ni Gure. Maigidana shi ke koya wa 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, kiɗan fanfar, ganguna da ƙaho, a bayan katangarmu. Wata rana ya shigo ransa a ɓace, wai kowane yaro so yake a ji shi kaɗai. Na ba shi tatsuniyar Kaka. Ya yi dariya har da tari. Washegari na leƙa, sai ga yara ido rufe, rabi na bugawa, rabi na faɗin wanda ya makara. Tun daga nan in ya dawo sai ya ce, “To, me kika ji yau?”

Tun da Allah ya karɓe shi, in yaran suka fara sai in shige ɗaki in ja ƙofa. Kunnena na kama kuskurensu, amma ba mai tambayata.

Jiya dai na zauna a gindin katanga, inda na shimfiɗa masa tabarma ranarsa ta ƙarshe. Na rufe ido na ji su har suka gama. A nan ne, ranar tasa ta ƙarshe, ya riƙe mini hannu, yara na bugawa, ya ce, “Fanna, yi shiru ki ji. Mai ƙaramar gangar nan ya fara jiran ɗan'uwansa.”