Mai Riƙon Reshe Na Sha Ɗaya

Duk ranar Asabar, Nkweto Kapambwe yakan jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya shanya tufafin da ke ciki a kan igiyar bayan shago. In sun sha rana sai ya ninke ya mayar. Akwai durowa a ɗakin, amma gishiri yake ajiyewa a ciki. Ranar da aka kawo shi wannan shago an ce wata shida zai yi, shi ya sa bai ga amfanin zazzage kaya ba. Maganar ta kai shekara goma sha huɗu.

Kamfanin Tusheni yana da shaguna goma sha uku a bakin babbar hanyar arewa, daga Kabwe har Nakonde a kan iyaka. Duk jan rufi gare su, kuma da lamba ake kiransu. Na ɗaya yana Kabwe tare da ofis da sito, kuma a garin gidan Nkweto yake, da matarsa Chishala. Na uku yana mararrabar Kapiri, inda ko barci mutum yake yi zai yi ciniki. Na sha ɗaya kuwa an dasa shi ne tsakanin Mpika da Chinsali, inda babu gari, saboda wani a ofis ya auna taswira ya ga tazarar ta yi yawa. Manajoji uku sun riga Nkweto zama a wurin. Babu wanda ya ga damina biyu.

Shi a sito ya fara aiki, yana bin motocin kaya, don haka ya san abin da 'yan ofis ba su sani ba: fasinja ba ya zaɓar inda zai ci abinci, direba ne ke taka birki. Kowane shago a hanyar yana ba direba kwanon abinci kyauta. Nkweto ya ƙara da rumfa a bayan shago, da ruwan ɗumi na wanke hannu, ya kuma riƙe kowa a kansa. Ya san wanda likita ya hana gishiri, da wanda ba ya cin kifi sai an haɗa masa da kan, da wanda matarsa ta yi yaji, ba a tambayarsa gida. Kafin shekara biyu motocin Lusaka sun fara wuce Mpika da yunwarsu su tsaya a dajin nan. Matan ƙauyukan kusa suka fito da gasasshen rogo da gyaɗa da zuma suna miƙawa ta taga, har wurin ya zama 'yar kasuwa.

Cikin direbobin akwai Jere, mutumin gabas, kuma tsakanin mutanen gabas da 'yan ƙabilar Bemba irin su Nkweto akwai wasa tun kakanni. Tun kafin ya kashe mota yake leƙo kai.

"Mai cin biri, yau wane ɗan'uwanka ka yanka mana?"

"Sauko dai. Na sa a tono maka ɓeraye, sun ce sun ƙare, danginka sun wuce jiya."

"Tsohon banza. Miƙo ruwan."

Sai ya zauna ya tashi da malmala biyu ta tuwon masara da miyar ganye da gyaɗa, fasinja sittin kuma suna ciki suna sayen burodi da lemo.

A ofishin Kabwe akwai taswirar hanyar a bango, kowane reshe da allurarsa mai launi: kore ga mai tafiya daidai, rawaya ga mai rangaji, ja ga wanda ya kwanta. Madam Moonga, mai zagayen rassa, takan zo duk wata uku, kuma kullum da albishir ɗaya take sauka.

"Baba Nkweto, allurarka ce kaɗai kore daga Serenje zuwa iyaka."

"Madalla. To batun takardata ta komawa gida fa, ranki ya daɗe?"

"Tana kan tebur. Bari a ga bayan damina."

Ya ɗauka koren nan shi ne hanyar gida, sai ya ƙara ƙwazo. Hutunsa kwana goma ne a shekara, kuma bai taɓa cinye shi ba. Da ya kwana huɗu a Kabwe za a bugo a ce motoci sun fara wucewa.

Chishala ta taɓa zama da shi shekara guda, makarantar yara ta mayar da ita. Yaran suka girma suka watse garuruwan ma'adinai, ta rage ita kaɗai. Daga baya yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma asibitin da ke duba ta a Kabwe yake. Ba mace ce mai ƙorafi ba. Wata rana dai a waya ta ce masa ta zuba sukari a miya, ta yi dariya. Shi bai yi ba.

A makon ne direban motar kaya ya ba shi labarin manajan reshe na tara. Allurarsa ta yi ja wata shida, an kira shi Kabwe, an ba shi aiki a sito don ya sake koyo.

"Hukunci ke nan?" in ji Nkweto.

"Haka suka ce. Ni dai kullum ina ganinsa da yamma a kan keke, zai tafi gida."

Nkweto ya daɗe tsaye bayan motar ta tafi. Ya ƙirga waɗanda ya sani da aka mayar Kabwe a shekarun nan. Su biyar ne, kuma babu mai kore a cikinsu.

Ranar Litinin ya ce wa mai dafa abinci kada ta ɗora tukunyar direbobi. Ya ɗaure ƙofar rumfa da waya.

Jere ya zo ya tarar da ƙofar a ɗaure, ya zagayo gaban kantar shagon.

"Birai sun yi yajin aiki ne?"

"Babu kwano yau. In kana so ka saya."

Jere ya dube shi yana jiran sauran wasan. Da bai zo ba, ya sassauta murya. "Lafiyar maigidan kuwa?"

"Lafiya lau."

Labari a hanyar nan ya fi mota gudu. Ranar Laraba motoci biyu ne suka tsaya cikin tara. Ranar Alhamis babu ko ɗaya. Jere ya wuce ya danna ham sau ɗaya, gajere. Nkweto ya zauna a bayan kanta yana jin ƙarar firji, yana gaya wa kansa wata shida ba wani abu ba ne.

Matan ba su daina zuwa ba. Sukan jera tirensu a bakin kwalta, in sun ji mota su miƙe, in ta wuce su zauna. Ranar Juma'a da la'asar babbarsu, tsohuwa Namfukwe, ta shigo. Ta durƙusa ta tafa hannu ta gaishe shi yadda ake gaida manya, alhali ta girme shi. Ta ajiye masa gasasshen rogo guda uku a kan kanta.

"Ka ci, ɗana. Ya kwana biyu, gobe ba zai ciwu ba."

"Iya, nawa ne?"

"Wa ya ce maka sayarwa na kawo?"

Ta juya ta fita. Ya bi ta da kallo har ta koma cikin sauran, su goma sha tara, wasu da goyo. Wasu daga cikinsu shi ya ce su fito, shekarun baya, da bakinsa.

Da safe ya kwance wayar ƙofar rumfa. Da Jere ya dawo bai tambayi komai ba, ya ce tuwon ya yi ruwa, Bemba ba su iya tuƙi ba.

Madam Moonga ta ga ramin makon nan a rahoto, ta zo kafin lokacinta. A wannan karon Nkweto bai yi kwana-kwana ba. Ya gaya mata batun idon Chishala. Ta juya makullin mota a hannunta.

"Baba, ba mugunta ba ce. Duk wanda na kawo nan, wurin mutuwa zai yi, don abin yana kanka ne. Ka rubuta mini shi. Kowane direba, me yake ci, me ake ce masa, me ba a ce masa. Ranar da ka gama, ni da kaina zan kawo wanda zai karɓe ka."

Ya ɗauki littafin makaranta daga kan shiryayye ya fara. Ba mai saurin rubutu ba ne, kuma abin ya fi yadda ya zata yawa. Jere kaɗai ya ci shafi uku, don sai da ya bayyana irin zagin da yake so da irin wanda ba ya ɗauka. In ya gama mutum biyar sai a canja wa biyu hanya, a kawo sababbi waɗanda sai ya zauna da su wata guda kafin ya san me zai rubuta. Ya yi shekara da rabi a kai. Chishala takan tambaya, "Saura nawa?" Yakan ce, "Kaɗan."

Wata Talata da hantsi mai dafa abinci ta same shi zaune a ƙasa a bayan kanta, bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Motar da ta fara zuwa mai gangarawa kudu ta Jere ce. Ya tayar da mutum uku daga kujerar baya, aka shimfiɗa Nkweto. Waɗanda suka shiga motar sun ce har Kabwe Jere bai tsaya cin abinci ba, bai kuma zagi kowa ba.

Littafin yana nan a ƙarƙashin kanta. Ya gama direbobin da ke hawa arewa, su talatin da ɗaya. Na masu gangarowa ya rubuta huɗu. A gurbin na biyar ɗinsu akwai sunan wani Sikazwe, a ƙarƙashinsa kuma: "Ba ya son a zuba masa miya a kan tuwo. In ya yi shiru, a" A nan rubutun ya tsaya.