Hannun Hagun Kawu Sali

Wata ranar Alhamis ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu a lekol, aka kawo Kawu Sali gidanmu na unguwar Djamboutou a Garoua. Na dawo daga kai niƙa da kwano a kaina, na tarar da mota a ƙofar gida, maza biyu sun tallabo shi, ƙafarsa ta hagu tana jan ƙasa, bakinsa a karkace. Inna tana biye da su, rungume da buhun shinkafa da aka ɗaure wa baki. Da farko ban gane Kawu ba, amma na gane abin da ke cikin buhun, domin kan jitarsa ya leƙo waje.

Kawu Sali ƙanen Inna ne. Kafin ɓarin jikinsa ya shanye, shi ne mai jita a wata ƙungiyar makaɗa da ke bin bukukuwa daga Roumdé Adjia har Mayo-Oulo. Kakanmu molo ya kaɗa, mai tsirkiya uku, shi kuwa Kawu tun yana saurayi ya ji jita a kaset ɗin da direbobi ke kawowa daga kudu, daga nan bai ƙara waiwayar molo ba. Jita mai lantarki da yake riƙewa a biki ta ƙungiya ce, tana can wurinsu. Tasa ta katako ce, tsohuwa, fentinta ya koɗe a inda damtsensa ke gogawa. Igiyar ratayarta saƙi ce irin ta gargajiya, siririyar tsirkiyar ƙasa kuma zare ne da ya warware daga wayar birkin keke, domin samun ta ainihi a Garoua lokacin sai an yi sautu. Abin kaɗawarsa ɗan fallen roba ne da ya yanko daga jikin jarka.

Aka ba shi ɗakin da ke kusa da turken awaki, hidimarsa kuma ta faɗo kaina. Ni ke kai masa kunu kafin in tafi lekol, in share ɗakin, da yamma in shafa masa man shanu a hannun da ya mutu. Hannun yana kwance a cinyarsa kamar na wani ne aka ba shi ajiya. An je lopital wurin likitoci, an sha saiwoyi, an sha rubutu, har yashin Binuwai Inna ta sa aka ɗebo tana ɗumamawa tana gasa masa. Ƙafar ta ɗan saki har yana dogara sanda. Hannun ko motsi.

Bayan damina ta wuce, wata rana na ɗebi duwatsuna zan fita carafke, sai ya kira ni. Sunan mahaifiyarsu gare ni, shi ya sa ba ya faɗinsa.

"Uwata, zo ki ara mini hannunki."

Ya zaunar da ni ta hagunsa, jitar a cinyarsa, wuyanta a gabana. Shi zai kaɗa da dama, ni in danne tsirkiyoyi a inda ya ce. Da allin da ke jakar lekol ɗina ya ɗiga mini alamomi a wuyan. Yatsuna gajeru ne, ba sa kaiwa, in kuma sun kai ba su da ƙarfin dannewa, sai sautin ya fito yana zizar ƙudan zuma. Kafin in ɗaga yatsa daga wannan alama zuwa waccan, hannunsa ya riga ya wuce, sai ya tsaya ya jira ni, mu koma farko. Waya ta tsattsaga mini kan yatsu. Na dinga ƙunsa su da lalle wai don su yi kanta, na daina zuwa wasa, a aji ma ƙarƙashin tebur nake danna gefen benci. Bai taɓa yi mini faɗa ba. In na ɓata, rufe ido kawai yake yi, kuma da duka ya yi da ya fi mini sauƙi.

Inna ta gaji da gani. "Sali, yarinyar nan yanzu ko tsintsiya ba ta iya riƙewa don ciwon yatsu. Ka ji tausayinta, ka ji tausayin kanka." Washegari ni na je da kaina na ciro jitar. Duk watannin nan abin da muka samu guntun kiɗa ne guda ɗaya, shi ma a hankali, yana ɗingishi.

Cikin bazara abokan kiɗansa suka zo gaisuwa, tare da saurayin da ya maye gurbinsa. Saurayin ya roƙi a ba shi jitar ya gwada, ya goge allina da bakin rigarsa ba tare da ya san na mene ne ba, ya saki kiɗan nan da muke ta fama da shi. Ranar na fara jin yadda yake a cike, da gudu, har mata suka bar tuƙin tuwo suka leƙo. Hannun daman Kawu yana bugun cinyarsa daidai da kiɗan. Ni na hagun na zuba wa ido, ina roƙon Allah a zuci ko ɗan yatsa ɗaya ya motsa. Bai motsa ba.

Da suka tafi Kawu ya ce, "Sassauta tsirkiyoyin, Uwata, kada wuyan ya lanƙwashe. Ki mayar da ita buhu." Na ce gobe zan fi ƙoƙari. Ya dafa kaina ya ce in je in yi wasa. Ya ƙara shekaru a duniya, yana zama a zaure da rediyo, da an sako jita sai ya murɗa zuwa labarai. Ina lise, wato sakandare, ya rasu.

Yanzu jita da tsirkiyoyinta suna rataye a shagunan Garoua, yara suna koyo daga waya ba malami. Kwanan baya ɗana ya nuna mini wani mutum a wayarsa, mai hannu ɗaya, ya kwantar da jita a cinya yana bubbuga wuyanta da yatsun dama, kiɗa yana fita tas. Na kalla har ƙarshe, na miƙa masa wayar, na shiga ɗaki. A lokacinmu babu wanda ya taɓa gaya mana ana haka. Hannun daman Kawu lafiyarsa ƙalau har ya koma ga Allah.