Littafin Dodo Mai Ƙaho

Ni da hanci nake zaɓen littafi, don karatuna bai wuce aji biyu ba. Wata Lahadi a kasuwar Jibiya, lokacin naira tana sabuwa, manyan motoci sun yi layi har bakin iyaka, ni da abokina Ilu muka tsuguna gaban wani ɗan gwanjo daga Maraɗi. Kayan wani Nasara yake sayarwa, wanda aka tarar da gawarsa a ɗaki. Cikin takalma da tukwane akwai littattafan wasa biyu, da ƙwayar ludo mai fuskoki barkatai. Ɗan gwanjon ya ce kowa zai ɗauki mutum guda cikin hotunan littafin ya zama shi, ƙwayar kuma ta yanke abin da zai same shi.

Guda ɗaya za mu iya saye. Ilu ya so mai hoton jirgin ruwa, wai mutanen ciki dariya suke yi. Ni kuwa na jinjina, na shinshina, na zaɓi mai dodo da ƙaho, mai warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Hujjata, ya fi nauyi. Ɗan gwanjon ya miƙo mini shi yana goge hannu a riga.

Tunda da Faransanci aka rubuta shi, kuma babu mai ji cikin yaran unguwarmu, ni na zama malami. In mun zuba wa awaki harawa sai mu taru bayan rumbun gero, in riƙe littafin, wani lokaci a juye, ina ƙaga dokoki. Babbar dokata ita ce wanda dodo ya cinye ya mutu, ba mai amsa masa magana sai an sake zama na tashe shi. Wata la'asar ƙwayar ta faɗa kan Ilu, dodo ya cinye shi. Ya yi sallama, shiru. Ya sa hannu a akushin tuwo, muka matsa.

Da safe kawunsa ya ɗauke shi a motar fetur, za su bi daji don kauce wa 'yan duwan, kwastan na Nijar. Motar ba ta isa Maraɗi ba, ba ta kuma dawo ba.

Jikokina yanzu sai sun tambayi waya kafin su sayi wasa, kuma matattunsu kan tashi da danna maɓalli. Ni dai ina kallonsu. Safiyar da za su tafi, motar ta biyo ta ƙofar gidanmu, Ilu na zaune kan durom yana kirana, ni ina tsaye ina kiyaye dokar wasa.

"Sani, in na dawo ka tashe ni, ka ji?"