Farin Zane a Lambun Maƙwabta

Duk zaman da na yi a garin Stains, nan ƙasar Turawa, ban taɓa wuni ban yi hira ba. Benenmu dogo ne, asansar ɗinsa, na'urar da ke hawa sama da mutane, kullum a lalace, amma matakalar nan ita ce zaurenmu. Kafin ki kai hawanki kin gaisa da ƴar Mali, kin tambayi jikin jikan ƴar Maroko, wata ta miƙo miki ɗanɗanon miya. A ƙasan benen ne ma na shiga ajin manya, na koyi riƙon alƙalami da furfura a kaina.

Sai ɗiyata ta samu aiki a Lyon, ta ɗauko ni. Ta kama mana ƙaramin gida a gefen Vénissieux, dab da Lyon ɗin, mai ɗan lambu a baya. Ita murna take yi. "Inna, ga ƙasa nan, ki shuka abin da ranki ke so." Na shuka yakuwa da tumatir. To amma yakuwa ba ta amsa sallama. Ɗiyata ta fita da sassafe ta hau tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, sai yamma lis. Ni da bango.

Maƙwabtan da muka haɗa shinge da su Turawa ne, tsoho da tsohuwa. Matar in mun haɗu sai ta ɗan gyaɗa kai ta shige. Mijin ba shi da lafiya, na sha ganin motar asibiti a ƙofarsu. Na so in leƙa in ce yaya jiki, ɗiyata ta ce a nan ba a faɗa wa mutane gida haka kawai. Rannan dai na ce mata, in kaka ta wuce ban samu wanda zan ce wa ina kwana ba, zan koma Stains wurin ƙanwata. Ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Wata yamma a watan Oktoba, na idar da sallar magariba na fito kwashe shanya, sai na hango haske a lambunsu. An baza wani farin ƙyalle fes a kan igiya, an kunna fitila a gabansa. Mutane a kan kujeru sun yi jugum, wanda zai yi magana sai ya yi ƙasa da murya. Tsohuwar na zaune ta rufa da mayafi. Tsohon ban gan shi ba.

Farin ƙyalle, kujeru a waje, kowa shiru, ga marar lafiya a gida. Na ce innalillahi, bawan Allah ya tafi. A inda na tashi, gidan da aka yi rashi ba ya ɗora tukunya, maƙwabta ke ciyar da shi, kuma ba a jiran gayyata. Dama na yi mana dambu da zogale. Na juye shi duka a babban kwano, na yafa gyale, ina tafe ina maimaita kalmar ta'aziyyar da muka koya a aji don kada ta kuɓuce mini.

Ƙofar lambun a buɗe take. Na je gaban tsohuwar na durƙusa, na ajiye kwanon, na kama hannunta na ce, "Kondoleyans, Madam." Sauran na ƙarasa da Hausa, Allah ya ba ku haƙuri.

Ta zuba mini ido. Sai ga mutum ya fito daga bayan farin ƙyallen, da sanda a hannu da ƴar robar iska a hanci. Mamacin ne.

"Wa ya mutu?" ya tambaya.

Na nuna shi da yatsa.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Madam, kin riga likita! Shi ya ce in jira tukuna."

Matar ta ce, "Ka gani ko? Na gaya maka wannan zanen gadon naka zai jawo mana magana." Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na miƙa hannu zan ɗauki kwanona, ta dafe shi. "A'a. Wannan ya riga ya shigo." Ta jawo mini kujera.

Ashe ƙwarin fitila suke kallo, malam-buɗe-littafin dare. Haske ke kiransu su sauka a kan zanen, mutanen kuma abokansu ne masu son abin. Na ce da guntun Faransancina, mu a gida in mun kunna fitila haka bayan ruwa, shinge, garar nan mai fiffike, muke kamawa mu soya. Tsohon ya tare zanen da hannuwa biyu, wai kada in kusanci baƙinsa da kasko.

Kafin in tafi ya ce in dawo da safe, lokacin ne ake ganinsu da kyau. Na dawo. Akwai akwati da suke jera kwalayen ƙwai a ciki, ƙwarin su shiga lungunan su lafe. Matar ke ɗaga kwalin, don hannunsa na rawa. Ni da nake ce musu duka ƙwari, sai ga shi kowane da kamarsa. Wani sak busasshen ganye da ya nannaɗe, sai da ya motsa na yarda. Wani rawaya kamar an barbaɗa masa kurkur. Wani kore-kore da zanen baƙi da fari, kamar aikin hula. Muna buɗe littafinsu mai hotuna, muna gwada fiffike da fiffike. Sunayen sun fi ƙarfin harshena, sai na raɗa musu nawa: Ganye, Mai-kurkur, Ɗan-hula. In an gama a sake su cikin ciyawa inda tsuntsu ba zai gani ba.

Ɗiyata da ta ji labari ta riƙe kai. "Inna! Ta'aziyyar mai rai?" Ta yi dariya har da hawaye, rabon da in ji ta haka tun muna Stains.

Daga baya tsohon ya koya mini wata dabara: a dama ayabar da ta nuna lugub da sukari, a shafa a jikin itace. Shi yana zuba giya a nasa, ni na ce nawa baƙin musulmi ne. Suka zo kuwa, ba su nuna bambanci ba. Da sanyi ya fara shigowa ƙwarin suka yi ta raguwa, wata safiyar ɗaya tal za mu samu, wata ba ko ɗaya. Duk da haka matar takan leƙo ta saman shinge ta kira ni, "Madam, me kika samu yau?" In ce babu. Sai mu tsaya a nan mu yi ta zancen gwiwa da tsadar kifi har shayinta ya huce.

Ƙanwata ta kira ni a waya, ta ce ta share mini ɗaki, yaushe zan taso. Na ce ta bar wa yara ɗakinsu, in Allah ya kai mu zan zo da salla in kwana biyu.