Sahun da Na Tsaya a Shekarar Jar Dawa

Shekarar da na dawo Agadas daga Yamai da takardar gama karatu, ita ce ta biyu da ruwa ya ƙi sauka. Soja ke mulki. Aka ba ni aji a lakwal ɗin unguwarmu, wato makarantar boko, kuma da yake hannuna yana da kyau a rubutun Faransanci, mai unguwa ya ce ni zan riƙe littafin rabon abinci, inda ake rubuta kowane magidanci da bakunan da ke gidansa. Ban nemi aikin ba, ban kuma iya ƙinsa ba. A kwanakin ana ta labarin wani mai gadin sito da aka kama ya ɓoye hatsi, aka zagaya kasuwa da shi da buhu a ka, daga nan ba a sake ganinsa ba. Ni ban gani da idona ba, ji na yi. Amma duk sanda motar soja ta rage gudu a ƙofar lakwal, sai allin ya tsaya a hannuna har ta wuce.

Dokar rabon a fili take. Jar dawar gwamnati ta mutanen unguwa ce, masu takardar lanho, wato haraji, a nan. Mutanen daji waɗanda dabbobinsu suka ƙare, su tafi sansanin da aka kafa musu a bayan gari. Can ma ana ba da abinci, sai dai ƙyanda ta shiga wurin, kullum muna ganin ana fitowa da ƙananan gawarwaki naɗe a tabarma.

Cikin wannan hali baƙon Baba ya iso. Dattijo ne Ba'abzine, muna ce masa Amgar, wato tsoho da yarensu. Gidanmu ne masaukinsa, kamar yadda gidan kakana ya kasance masaukin ubansa. Duk shekara in ayarin gishiri ya dawo, a ƙofarmu yake durƙusar da raƙumansa, ya sauke wa Inna dabino da cuku, Baba ya sayar masa da kantun gishirin. A wannan karon da ƙafa ya zo. Matarsa na biye, da surukarsa, da jikoki mata biyu, babbar ba ta wuce shekara shida ba, ƙaramar ba ta cika biyu ba. Jaki ɗaya ke ɗauke da sandunan bukka. Bai ce komai ba game da raƙuman, Baba ma bai tambaya ba. Suka daɗe suna gaisuwa, kowa na cewa lafiya lau.

Suka kafa bukkarsu ta tabarma a tsakar gidanmu. Washegari Baba ya kira ni zaure.

"Kai ke riƙe da littafin?"

"Ni ne, Baba."

"To, bakunan gidana sun ƙaru da biyar."

"Baba, ba su da takarda a nan. In aka bincika..."

"Ubana ya tambayi ubansa takarda? Ka rubuta. Ko kana so ka raka 'yan matan nan sansani da kanka?"

Na rubuta. Na sa su a ƙarƙashin sunan Baba kamar iyalinsa. Ina jin tun daga ranar abinci bai sake yi mini daɗi ba.

Dawar ta riƙe manya, amma ƙaramar yarinyar ba ta iya ta. Nonon uwarta ya ƙafe, kuma duk kunun da aka dama mata, zawo yake sa ta. Sai Inna ta ji a wurin mata cewa a misiyon, wato gidan 'yan mishan, akwai wata maser, cikin matan nan Kirista masu fararen kaya, tana ba da madarar gari, ba ta tambayar takarda, ba ta tambayar addini. Inna ta lulluɓe har ido, ta ɗauki yarinyar ta bi ta bayan gari. Ta dawo da madara, da buhu guda na alkama da aka ce na uwar ne. Baba ya ga buhun, ya kau da kai, ya shiga alwala. Cikin kwana goma yarinyar ta fara zama da kanta tana jan gemun kakanta ta ƙarƙashin amawali.

Ya kamata in bayyana wani abu, ko da yake ban tabbata na fahimce shi duka ba. Ba a hana kowa zuwa misiyon ba, a iya sanina babu wata takarda da ta hana. Amma an san hukuma ta fi son taimakon baƙi ya tsaya a sansani, kada a ce mutanen gari ma sun koma hannun majami'a. Abin da hukuma ta fi so kuwa, a lokacin, ya fi doka ƙarfi.

Sai aka yi shela cewa kowace unguwa za ta zaɓi wakili, wanda zai tsaya a kan rabon abinci, littafin ma ya koma ƙarƙashinsa. Mutum biyu suka fito. Ɗaya Alhaji ne mai shago a bakin kasuwa, mai kyauta ne ba laifi, shi ya sake wa masallacin unguwa tabarmi. Ɗayan maƙerin azurfa ne, abokin Baba tun suna yara, mai baki kamar reza.

Alhaji ya riƙa bi zaure-zaure yana cewa gwamnati uwa ce, ta ɗauki nauyin kowa, wanda ya je ya miƙa hannu a misiyon ya tona mata asiri, ya kuma tona wa Musulmi. Yana cewa babu mai ba ka madara yau sai yana da abin da zai nema gobe. Wanda ya ci can, a cire shi nan. Ina ganin da gaske ya yarda da abin da yake faɗa, ko da rabinsa.

Maƙeri kuwa daga bakin zugazugansa yake nasa kamfe.

"Ku tambayar mini Alhaji, jar dawar nan a gonar wa aka noma ta? A Makka? Ai da ita da madarar misiyon duk jirgi ɗaya ya kawo su. Ni dai in ciki ya yi kuka, ban taɓa jin ya yi da Larabci ba."

Mutane su yi dariya, sannan su waiga su ga wa ya ji.

A gidanmu ba a zubar da buhu. Da alkamar ta ƙare, Inna ta wanke shi ta shanya. Matar Amgar ta gani, ta roƙa, don tabarmar saman bukkarsu ta ɓule, rana na dukan yaran. Ta farke shi ta yi maho da shi, ta kuma sa gefen rubutun a waje, don a ganinta shi ne mai ado, ba a ɓoye ado. Ba ta karatu, ba ta san abin da shuɗin rubutun da alamar majami'a ke faɗa ba. Ni da ke karatu, da sassafe nake fita, ban taɓa ɗaga kai ba. Katangarmu gajera ce ta wajen rariya, inda jama'a ke bi. Kwana uku buhun ya yi yana kallon duk mai wucewa.

Ranar Laraba da aka tashi lakwal, na tarar da Alhaji zaune a inuwar aji yana jan carbi.

"Mushe, sannu da aiki," in ji shi. Haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu. "Na biyo ta ƙofar gidanku. Kun yi sabon rufi, Allah ya sanya alheri."

Ban gane ba sai da ya ƙara.

"Rubutunsa ma da kyau, har da alama. Kai da ka yi karatu ai ka fi ni sanin me ya ce."

Na jingina da ƙyaure.

"Zauna mana, ɗana, ba faɗa na zo ba. Ubanka kamar yayana ne. Na dai tuna gidanku ku huɗu ne, sai na ji an ce a littafi ku tara ne. Na ce Allah mai iko, tsohuwa ta haifi biyar a shekarar fari." Ya yi dariya, ni ma na yi, ban san dalili ba. "Maƙerin nan in ya hau, surutunsa zai jawo bincike, a buɗe littafin shafi-shafi. Ni kuwa idona ba ya gani sosai. Mutane suna kallonka, Mushe. Inda ka tsaya, iyayen 'yan ajinka nan za su tsaya."

Dole in faɗi yadda ake zaɓen, don yanzu ba a yinsa haka. Babu akwati, babu takarda. Kowane ɗan takara yakan tsaya a fili, mai sonsa ya je ya tsaya a bayansa, a ƙirga kawuna. Kowa na ganin kowa.

Na koma gida da gudu na sa aka cire buhun. Matar Amgar ta riƙa tambayar Inna me ta yi. Na sami Baba na gaya masa duka.

"Na riga na ba maƙeri hannu," in ji shi.

"Baba, in aka buɗe littafin, ni za a tafi da ni, su kuma sansani."

"Allah ne mai tsarewa."

"Na sani, Baba, amma..."

"Amma me? Karatun da ka yi na tsoro ne? Tsaya inda ka ga dama. Ni ba na tsayawa bayan mai leƙen katangar mutane."

Aka yi zaɓen ranar Asabar da hantsi a filin ƙofar mai unguwa. Motar soja na gefe, wani sajan na zaune a kanta yana kaɗa ƙafa. Ban ga ya yi wa kowa magana ba, amma ina jin idonsa a ƙeyata. Baba ya taka a hankali ya tsaya bayan maƙeri. Na daɗe a tsakiya kamar ina neman wani. Daga nan na sunkuyar da kai na nufi sahun Alhaji.

Maƙeri ya ɗaga murya.

"A'a, ɗan lakwal! Ka yi ɓatan kai ne? Ubanka na nan! Ko a Yamai an koya muku sallah a bayan liman biyu?"

Aka yi dariya. Na ji takun mutane a bayana, iyayen 'yan ajina, ɗaya bayan ɗaya. Sahun biyu suna kusa, har ina hango gefen rawanin Baba. Bai juyo ba. Alhaji ya ci, da ɗan rinjaye. Ko ni na jawo, ban sani ba. Nakan gaya wa kaina ko ban je ba zai ci, amma na ƙirga waɗanda suka biyo ni, kuma lissafin ba ya goyon bayana.

Alhaji ya cika alkawari, wannan kam ba zan yi masa ƙage ba. Ya karɓi littafin ya duba shafinmu ya wuce. Sai dai ya cika ɗayan alkawarin ma, wanda ya yi wa jama'a. Aka yi shela: duk gidan da aka ga ɗansa a ƙofar misiyon, an cire shi daga rabo. Ya sa 'yan uwansa mata suna zama a hanyar. Da na je roƙonsa a kan yarinyar, ya kama hannuna.

"Mushe, na rufe ido ɗaya saboda kai. In na rufe biyun ai na makance, su cire ni."

Madarar da ta rage ta yi kwana shida. Inna ta gwada kunu mai ruwa-ruwa, ta gwada ruwan dabino. Na zagaya kasuwa neman nonon akuya, awakin duk sun zama ƙashi. Yarinyar ta koma kwanciya, kukanta ya zama kamar na mage. Na yi tunanin in je misiyon da kaina. Sau biyu ina kama hanya, sau biyu ina hango matan nan zaune, in juya kamar na yi mantuwa.

Wata safiya na fito da littattafaina na tarar ana kwance bukkar. Amgar na ɗaure sanduna a kan jakin. Ya ji cewa maser tana zuwa sansani kullum da madara, can ba mai hanawa.

"Baba Amgar, akwai ƙyanda a can," na ce. "Ku ƙara haƙuri, zan san yadda zan yi."

Ya gyara amawalinsa har ya kusa rufe ido.

"Ka yi, ɗana. Ka yi da yawa. Baƙon da ya raba uba da ɗa a gaban mutane, zamansa ya isa."

Ashe ya sani. Ban san wa ya gaya masa ba.

Inna ta roƙa a bar mata babbar yarinyar. Uwar ta ƙi, ta ce mijinta ya tafi neman aiki arewa, in ya dawo me za ta ce masa. Baba ya ɗauki tabarmin bukkar a kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya raka su har sansanin. Ni kuwa ƙararrawa ta kusa, kuma ana rubuta sunan malamin da ya makara. Na tafi lakwal.

Ƙaramar ta rayu. Madarar ta tashe ta, na ganta daga baya tana tafiya. Babbar ce ƙyanda ta kama a sati na uku. Baba ne ya je jana'izar. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya kira ni da cikakken sunana, ya ce in je in gaya wa Alhaji bakunan gidansa sun koma huɗu, kada mu ci rabon da ba namu ba. Na je. Alhaji ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙanta, ya miƙo mini littafin da alƙalami, don shi ba ya rubutun boko.